Da Wufa a But Zuwa Damagaram

Ana saura 'yan kwanaki wani bikin aure a Damagaram ɗan yayata ya kai Corollarsa aka ɗora mata wufa, lasifikar nan mai fitar da bes, wato sauti mai kauri. Lissafinsa a fili yake: ranar kai amarya motoci za su yi jerin gwano a cikin gari, shi kuma yana so a ji motar Kano tun kafin a hango lambarta. Da ya zo ɗaukata da sassafe, tun yana kwanar layinmu gilasan tagar falo suka fara rawa. Na fito da jakata na tarar ya haɗe rai.

"Kawu, abin nan ba ya bugawa."

"Ka tashi unguwa guda daga barci, ka ce ba ya bugawa?"

"A waje ne yake bugawa. Shigo ciki ka ji."

Da gaskiyarsa. A kujerar gaba abin da ke zuwa kunne wani dogon gurnani ne mai murya ɗaya, ko wace waƙa aka sa. Murfin but yana karkarwa, lambar mota tana ɓaɓatu, madubin tsakiya ya ƙi tsayawa, amma dukan da yake nema, wanda ke sauka a ƙirji ya ɗauke kafin na biyu ya zo, babu shi. Kuma ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. Lasifika ce mai inci 12, an rubuta wat 3000 da manyan jajayen lambobi a kwalinta, ga amfilifaya a ɗaure a bayan kujera, ga akwatin katako da wani kafinta ya haɗa aka lulluɓe da baƙin kafet, da guntun bututun roba a gefensa. Na leƙa jikin amfilifayar, duk wani abin murɗawa da ke wurin an kai shi ƙarshe. Wanda ya yi aikin ya ce masa haka ake cin moriyar kuɗi.

Muka ɗauko Yaya, mahaifiyarsa, da kayan gudummawarta, atamfofi da kwanuka da buhun shinkafa, muka kama hanyar Daura. Tsakanin Kano da Damagaram bai kai kilomita 250 ba, sai dai iyakar ƙasa da shingaye kan mai da shi tafiyar wuni.

Da muka fita daga cunkoson gari mota ta miƙe, sai gurnanin nan ma ya dushe. Yaron ya ƙara murya, ya sake ƙarawa. Tun kafin Dambatta ya kai lambar da ke fuskar rediyon ƙarshenta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarar taya a kan kwalta da rurin inji da hucin iska duk sautuka ne masu kauri, a unguwa ɗaya suke zaune da bes, suna kuwa danne shi. Kunnen ɗan Adam ma ba shi da kaifi a can ƙasa. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna wannan a Amurka, suka nuna cewa sauti mai kauri sai an ba shi ƙarfi mai yawa kafin a ji shi daidai da na tsakiya. Ga kuma batun taga. Sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, tsawon igiyarsa ya haura mita takwas, ya ninka tsawon cikin motar. A rufaffiyar mota irin wannan sauti matse iskar ciki kawai yake yi, shi ya sa mota kan yi wa bes ƙarin da falo ba ya yi masa. Da yaron ya kashe na'urar sanyi don tattalin mai ya sauke gilasai, lissafin ya canza gaba ɗaya.

A nan nake ganin laifin yadda ake yin wannan aiki a garuruwanmu. Ana saita kayan mota tana tsaye, inji a kashe, but a buɗe, mai aiki da mai mota da 'yan kallo duk suna tsaye a bayanta. In ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu sai a yi tafi, a biya kuɗi. Ba wanda ya zauna a kujerar direba ya rufe ƙofa, balle a hau titi. Motar ɗan yayata an saita ta ne don masu shayin bakin hanya.

Yaya ta gaji da kiɗan zamani ta ce a sa mata Shata. Abin da ya fito ya ba ni dariya da takaici. Rabin muryar Shata daga ƙofofi take fitowa, rabi daga but, a toshe, kalangun kuwa ya cakuɗe ba ka rabe zance daga amshi. Matatar da ke jikin amfilifaya, wadda aka yi wa alamar LPF, aikinta ta tare duk sautin da ya haura wani mataki kada ya kai ga wufa. An buɗe ta har 250 Hz, alhali muryar namiji daga wajajen 100 take farawa. Wufar inci 12 kuwa ba don waƙa aka yi ta ba.

Muna hango duwatsun Kazaure sai ɗif, bes ya ɗauke.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya daga baya.

Muka tsaya a inuwa kusa da wani mai shayi. Da aka janye buhun shinkafa da ƙullin atamfofin da suka danne amfilifayar, sai ga jar fitila tana ci a jikinta, ƙarfen kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Ta kashe kanta ne don kada ta ƙone, kuma ta kyauta. Na sa hanci kusa da bututun akwatin na ji wani ɗan ƙauri. Yawancin masu mota sun ɗauka abin murɗawar da ake kira gen na ƙara murya ne. Aikinsa kawai ya daidaita amfilifaya da ƙarfin saƙon da rediyo ke aiko mata, wasu rediyoyin bolt 2 suke bayarwa, wasu 4. In an kai shi ƙarshe, tun rediyo na rabin hanya amfilifaya ta kai iyakar abin da take iya bayarwa. Daga nan duk abin da aka ƙara, kan igiyar sautin kawai ake gundulewa, ya fito da gargada, ya koma zafi a cikin naɗin wayar da ke zuciyar lasifika. Ƙaurin da na ji ke nan. Ɗayan abin murɗawar, na ƙarin bes, ya fi wannan ɓarna. Yana ɗaga sautin wajajen 45 Hz da desibel 12, kuma kowane desibel 3 ninki biyu ne na wuta, ke nan ana neman amfilifaya ta ba da ninki goma sha shida na abin da take bayarwa a wannan wuri. Ina za ta samo? Wat 3000 ɗin kwali ma magana ce ta talla. A bayan maganaɗisun lasifikar, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta 400 RMS, wannan shi ne abin da za ta iya ɗauka ta jure.

Muka sha shayi har ƙarfe ya huce. Daura muka ratsa ta kawai, ko rijiyar Kusugu ba mu leƙa ba, don Yaya ta ce ta gan ta tun tana 'yar firamare kuma ba ta ji an ce ta canza ba. A iyakar Kwangwalam aka yi cike-ciken takardun mota. Wani jami'i da ya buɗe but ya tsaya yana kallon akwatin, ya tambaya ko akwai wani abu a ciki ban da iska. Ya ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa, akwatin ya amsa masa da wata ƙara mai zurfi. Ya yi murmushi ya ce katakon nan ya yi siriri. Ɗan yayata bai ce uffan ba.

Daga tsallaken iyaka ƙasa ɗaya ce, gero da gawo da rumbuna, Hausa ɗaya, sai dai allunan hanya sun koma Faransanci, kuɗi ya koma sefa, mai ƙosai tana lissafi da dala. Muka wuce Matamaye da Kance, muka biya kuɗin hanya a wani shinge na igiya, magariba ta same mu a mahaɗar Takeita inda aka hau babban titin da ya taso daga Yamai. A nan ne wata matsalar ta bayyana. Da aka kunna fitilun gaba, duk dukan da kiɗa ya yi sai hasken ya lumshe ya dawo. A hanyar da amalanken shanu ke tafiya ba fitila, wannan ba abin wasa ba ne. Amfilifayar da ke ba da wat 1000 na gaskiya tana jan amfiya 80 zuwa 90, altanetar ƙaramar mota irin wannan kuwa duk abin da take samarwa bai wuce 80 zuwa 100 ba, kuma fitilu da fanka da famfon mai duk a ciki suke ci. Ta yaron ba ta kai wannan girma ba, don haka na san akwai wata ɓarakar a wayoyi. Na ce ya kashe. Muka shiga Damagaram da labaran wani gidan rediyon gari.

Damagaram gari ne da ke zaune a tsakanin manyan duwatsu masu santsi. Birni na nan da fadar Sarki da lungunansa, da ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimun na ƙarni na 19. Zango kuwa unguwar fatake ce tun zamanin ayarin raƙuma, da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Garin ne hedikwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mai da ita Yamai a 1926. Ruwa yana wuya a garin, da safe 'yan ga-ruwa ne suka fi kowa cika titi.

Mai masaukinmu ne ya ce mu kai motar wajen wani dattijo da ke da rumfa ba nisa da Kasuwar Dole. Gyaran amfilifayoyin masallatai da rediyoyi ne sana'arsa, yana kuma ba da hayar lasifikoki a wuraren biki. Rumfar cike take da gawarwakin na'urori har rufi. In ana masa magana sai ya karkato kunnensa na hagu, na daman ya daɗe da tafiya. Ya saurari ƙorafin yaron har ƙarshe, bai taɓa komai ba.

"Samari, wane kiɗa ka fi sawa?"

Yaron ya lissafa masa: waƙoƙin situdiyon Kano, na Legas, da amapiano.

"In kana ji, a ina kake zama?"

"A gaba mana, Baba. Ni ke tuƙi."

"To shiga ka zauna, ka rufe ƙofa. Kada ka fito sai na kira ka."

Da waya ya fara. Ya bi jar wayar mai kauri daga amfilifaya har batir, ya tsaya, ya dube ni. Babu fiyus. Waya ce da ta taso kai tsaye daga batir, ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, ta bi ƙarƙashin kafet. Ran da ƙarfe ya ci rigarta, in ji shi, motar ce za ta zama fiyus ɗin. Ya ɗaura ɗaya bai fi taƙi biyu daga kan batir ba. Sannan ya fere bakin wayar ya kankare silin da wuƙa. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyom ne aka yi wa wankan tagulla, kuma wutar da alminiyom ke ɗauka kusan kashi 60 cikin 100 ce ta abin da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka. Ya ce a canza ta in an koma gida. Baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin mota kuwa a kan fenti aka ɗaure ta, da wani ƙaramin noti mai lilo. Ya kwance, ya goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau. Ya ce rabin lumshewar fitila daga nan take.

Sai ya mai da duk abin murɗawa farko. Ya sa yaron ya kashe duk ƙarin da ke cikin rediyo, ya kai murya kashi uku cikin huɗu. Ya riƙa ɗaga gen a hankali, kunnensa mai kyau a kusa da akwatin, har ya ji sautin ya fara gargada, sai ya ɗan koma baya ya bar shi a nan, bai kai ko rabi ba. Matatar ya sauko da ita 80 Hz. A rediyon ma ya sa aka tare wa lasifikokin ƙofa duk abin da ke ƙasa da 80, don su huta da aikin da ba nasu ba. Akwai hikima a wannan lamba: ƙasa da ita kunne ba ya iya gane daga ina sauti ke zuwa, sai ka rantse daga gaban mota bes ke fitowa alhali akwatin na bayanka.

Abu na gaba shi ya fi ba ni mamaki saboda ƙanƙantarsa. A jikin amfilifayar akwai wani ɗan makunni mai lamba 0 da 180. Ya sa yaron ya sauko da manhajar da ke fitar da sauti tsantsa a wayarsa, aka sa 80 Hz, ya ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙarar ta ƙaru. Ya tura makunnin. Hannun yaron ya tashi nan take, har da leƙowa ta taga. Da can wufa na tura iska a daidai lokacin da lasifikokin ƙofa ke janye ta, sai su kashe juna a kujerar direba, a daidai matakin da dukan ƙirji ke zaune. A wajen mota kuwa ba ruwan kowa da wannan. Ba wata doka da ta ce 0 ne daidai ko 180, ya danganta da nisan akwati daga kunne, sai an zauna an saurara.

Sannan aka zo kan akwati, inda dattijon ya fi daɗewa. Ya cire lasifikar ya sa tef: cikin ya ba da santimita 50 da 35 da 30, wato lita 50 da ɗoriya. Bututun faɗinsa inci 4, tsawonsa santimita 10 kacal.

"Wa ya ba kafintan nan awo?"

Ba wanda ya ba shi. Ya ga ana huda rami a sa bututu ne shi ma ya sa.

Akwati mai bututu yana aiki ne irin na kwalbar da yaro ke hura wa iska a baki: girman cikinta da tsawon wuyanta su ke yanke muryar da za ta yi. Na zauna na buga lissafin a waya. Lita 50 da bututun inci 4 mai santimita 10 suna ba da kusan 52 Hz. A wannan mataki akwatin zai yi ta ruri fiye da ko'ina, shi ne gurnani mai murya ɗaya da ya raka mu tun daga Kano. Ƙasa da nan kuma ba ya riƙe komai. Dattijon ya mai da lasifikar, aka sa 30 Hz, ya ce in duba. Fatar tana shiga tana fita da ƙarfi har na ji tsoron za ta yage, amma kusan ba ka jin komai, wuta ce kawai ke ƙonewa. Ya yanko guntun tsohuwar katifa ya cusa a bututun ya toshe shi tam. Aka sake sa kiɗa. Ƙarar ta ragu, amma kowane duka ya tsaya da ƙafarsa, ana jin farkonsa da ƙarshensa.

Wannan saɓani tsakanin rufaffen akwati da mai bututu tsoho ne. Edgar Villchur ne ya fito da tsarin ƙaramin rufaffen akwati a Amurka a 1954, inda iskar da ke kulle a ciki ke riƙe fatar lasifika. A 1961 wani injiniyan Ostareliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin akwati mai bututu, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sidni. Saboda aikinsu ne duk lasifikar kirki ke zuwa da takarda mai ɗauke da alƙalumanta da girman akwatin da ya dace da ita, rufaffe lita kaza, mai bututu lita kaza da tsawon bututu kaza. Na tambayi yaron ina tasa takardar. Ta bi kwali zuwa bola.

Rufaffen akwati ƙarami ne, mai yafiya, ko an ɗan kuskure awo ba ya tona asiri, sai dai yana cin wuta kafin ya yi ƙara. Mai bututu ya fi girma, ya fi ƙara a kusa da matakin da aka saita shi, amma ba ya yafe kuskure. Dattijon ya aiki almajirinsa wajen masu kayan famfo ya sawo bututu mai santimita 30. Da shi lissafi ya sauko wajajen 35 Hz. Ya kafa katako a ciki ya tokare bangarorin biyu don siririn falankin ya daina kaɗawa, ya bi kusurwoyi da gam, don da ya zagaya da jiƙaƙƙen hannu ya ji iska na tsiyaya ta wurare biyu. Ya kunna ɗaya matatar da ke tare sautin can ƙasa ya tsayar da ita ɗan ƙasa da 30, saboda kada fatar ta sake yin rawar banza. Ya juya fuskar akwatin ta kalli bayan mota, ya matsar da shi kusa da murfi, ya ɗaure shi da ƙusoshi a daɓen but. Lambar mota kuwa yankin tsohon tib ya sa mata a baya, ta yi shiru. Ya ce in an tashi yin sabo a nemi katakon MDF mai milimita 18.

Muka hau titin da ya fita gari don gwaji, gilasai a rufe. Yaron ya sa amapiano. Kiɗan nan na Afirka ta Kudu ginshiƙinsa wani duka ne mai kauri da ke hawa yana sauka, da can duk murya ɗaya yake fitowa, yanzu ana jin hawansa da saukarsa. Haka dogon rurin nan da ya samo asali daga na'urar TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, wanda ya cika waƙoƙin zamani har da na situdiyoyinmu. Irin wannan kiɗa don wufa aka yi shi, kuma dogon bututu ya karɓe shi. Yaron yana tuƙi yana dukan sitiyari.

Da aka sa Shata kuwa, wufa kusan barci ta yi, kuma haka ya kamata. Kalangu da kotson Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗan Maraya Jos duk sama da yankinta suke magana, tsofaffin faifan ma ba su ɗauko wani abin kirki a can ƙasa ba. Mai son ya ji kalangu ya yi zance a motarsa, lasifikokin ƙofa zai kashe wa kuɗi, ya lulluɓe ƙarfen ƙofar daga ciki don ya daina amsawa. Da yawa daga cikin sa'o'ina da ke sayen wufa don jin kiɗan gargajiya asara suke yi. Inda na ji ta yi amfani shi ne amadar Barmani Coge. Ƙwaryar nan da ake kifawa a kan ruwa tana da wani duka mai zurfi, kuma da muka tsaya na mai da guntun katifar cikin bututu, sai ya fito a dunƙule, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ni toshewar na fi so. Shi buɗewar. Aka bar guntun katifar a aljihun ƙofa, duk wanda waƙarsa ke ci ya sauka ya gyara.

Dattijon ya karɓi ladansa da sefa, ya ƙi ƙarin da aka yi masa. Da za mu tafi ya nuna kunnensa na dama ya ce wa yaron lasifikokin biki ne suka cinye shi, a hankali, bai san ranar da ya tafi ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi, a desibel 100 minti 15 ne kawai. Mota mai wufa a rufe tana wuce 100 ba tare da wahala ba, kuma bes yana da yaudara, ba ya sukar kunne irin ƙarar siririn sauti, sai mutum ya yi ta ƙarawa. Ban da ma kunne, direban da ba ya jin hon ɗin tirela a bayansa ya jefa kowa cikin haɗari.

Ranar kai amarya aka yi jerin gwano daga Birni, masu ganga da algaita a buɗaɗɗiyar mota a gaba, 'yan kabu-kabu suna ta wasa da babura a gefe. Motar Kano ba ita ta ci gari ba. Wata tsohuwar mota mai lambar Nijar ce, an cire kujerar baya, an jera lasifikoki suna kallon waje, but a wangale, da batir na musamman. Wannan wani gini ne daban, na cika fili, irin wanda 'yan Barazil suka kai shi maƙura da bangon lasifikokin da suke ja a bayan mota. Mai ita da auduga a kunne yake tuƙi. Ɗan yayata ya bi ta da kallo, na ga abin ya ɗan sosa masa rai, don tasa yanzu a waje ba ta kai ƙarar da ta baro Kano da ita ba. Ya tambaye ni ko za a iya samun duka biyun. Na ce ana iyawa, in ya yarda ya rabu da kujerar baya da but, ya ƙara altaneta, ya kuma gaya wa mahaifiyarsa ta nemi motar haya. Da muka zo wucewa ta gaban wani masallaci ana sallar la'asar shi da kansa ya kashe, mai motar Nijar ɗin kuwa sai da wani dogari ya daka masa tsawa.

A hanyar dawowa, gilasai a rufe, lambar rediyon ba ta wuce rabi ba har muka bar Takeita, amfilifaya na shan iska don Yaya ta rabar da kayanta. Mun kusa Kance tayar baya ta yi faci. Safaya tana ƙarƙashin daɓen but, akwatin kuma dattijo ya ɗaure shi a kan daɓen da ƙusoshi huɗu masu kan tauraro, mu kuwa sukundireba mai faɗin baki kaɗai gare mu. Yaron ya tari ɗan kabu-kabu ya nufi cikin gari neman aro, ni da Yaya muka zauna a gindin gawo tana lissafa mini buhunan shinkafa nawa kuɗin wufar nan zai saya.